Da Tukunyar Tuwo Muka Auna Kicin Ɗinmu

A daminar 2023 na haƙura da tsohon kicin ɗinmu. Wata Laraba ce cikin watan Agusta, hadari ya taso daga gabas da la'asar sakaliya, ni kuma ina tsaka da talge. Kwanon rufin ya daɗe da cin tsatsa, hayaƙin shekara da shekaru ya lulluɓe shi da kunkunniya baƙa ƙirin. Da ruwan ya kece, sai ga ɗigo yana sauka ɗis, ɗis, baƙi kamar tawada, daidai cikin tukunyar. Na ja ta gefe, wani ɗigon ya same ta a can. A daren nan garin kwaki aka jiƙa wa yara, ni kuwa na kwana ido biyu ina lissafi.

Gidanmu yana cikin garin Katsina ne, ta wajen Ƙofar Marusa, gidan da marigayi surukina ya gina. Mu goma sha ɗaya muke ci daga tukunya ɗaya: Hajiya mahaifiyar maigidana, ni da shi, yaranmu biyar, ƙannensa biyu, da 'yar ɗan'uwansa da muke riƙo. Ban sa almajirin gidan a lissafi ba, balle baƙon da Allah zai jefo. Kicin ɗin ɗaki ne mai ƙafa 10 da ƙafa 12, rufinsa ƙasa-ƙasa, tagarsa ba ta wuce faɗin faifai ba. A ciki akwai murhun itace, da kurfoti, da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 da nake dafa shayin safe da ita kafin in wuce makarantar da nake koyarwa. Wanke-wanke a tsakar gida ake yi, bakin makwarara, hatsi kuma yana can wani ɗaki kusa da na Hajiya.

Kamar kowace mace mai waya a hannu, na tara hotunan kicin daga Facebook da Instagram har sun kusa cika min waya. Farin tayil ƙal, kabad tun daga ƙasa har silin, doguwar kanta sai sheƙi take yi. Wata rana bayan Isha'i na kai wa Hajiya ina nuna mata. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗiyata, ya yi kyau ƙwarai. To amma ina za ki zauna ki tuƙa tuwo? Ina turmi zai tsaya?"

Na ce, "Hajiya, ai yanzu a tsaye ake girki."

Ta ce, "A tsaye ake dafa taliya. Tuwon mutum goma sha ɗaya kuwa, in kika ɗora shi bisa wannan tudun, kafaɗarki ce za ta ba ki labari."

Maganar nan ta zauna min. Sai na ajiye hotunan, na ɗauki mako guda ina lura da kaina ina rubutawa a bayan littafin shirya darasi. Me nake dafawa, da wace tukunya, a zaune ko a tsaye, ina nake zuwa ɗauko me. Ranar wata Asabar na ƙirga fitata daga kicin zuwa randa da ɗakin hatsi sau goma sha tara tsakanin hantsi da magariba. Nan na gane abin da yake gajiyar da ni. Ashe rabin wahalar girkina zirga-zirga ce, sauran rabin kuma hayaƙi da durƙuso.

Abin da na yi bayan nan shi na fi alfahari da shi a duk aikin. Na share tsakar gida, na ɗebo toka a kwano, na zana kicin ɗin a ƙasa da girmansa na gaskiya, ƙafa 10 da ƙafa 12, babban ɗana yana riƙe min bakin tef. Na sa aka fito da babbar tukunyar tuwo, da madambaci, da turmi da taɓarya, da kujera 'yar tsugunno, da bahon wanke-wanke. Na ajiye kowanne inda nake so ya zauna, na shiga cikin zanen na yi kamar ina girki. Na zauna na ɗaga muciya, sai gwiwar hannuna ta faɗa inda na zana kanta. Muka goge tokar muka matsar. Na ɗaga taɓarya, Hajiya da ke zaune bakin ƙofarta ta ce, "Wannan rufin naku ba zai bar ta ta tashi ba, sai an ƙara ma bangon tsawo, ko a fitar da turmin baranda." Sau huɗu muna sharewa muna sake zanawa. Zanen ƙarshe na kwafe shi a takarda, shi na riƙe har aka gama aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma toka ba ta da tsada, gara a yi kuskuren da ita kafin a kai ga siminti.

Lokacin farawa bai ba mu wahalar zaɓa ba. Ba a ɗaye rufi da damina. Adashina na makaranta zai fito ƙarshen Disamba, maigidana kuma ya ce zai ɗora abin da ya sawwaƙa. Azumi ana sa ran shi wajen 11 ga Maris, 2024, bayansa kuma zafin bazarar Katsina ne da kowa ya sani. Muna da Janairu da Fabrairu ke nan. Na ƙudurta a raina cewa kunun buɗa-bakin farko a sabon kicin zan dama shi.

Wani ɗan kwangila ya zo ya duba, ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka abin da ke hannunmu. Muka yanke shawarar mu sayi kaya da kanmu, mu ɗauki kowane ma'aikaci daban: magini da leburorinsa, mai aikin famfo, mai wayarin, mai walda, mai tayil, da kafinta. Abin da ban hango ba a lokacin shi ne, duk wanda ya ƙi ɗaukar ɗan kwangila to shi ya zama ɗan kwangilar, aikin haɗa kan mutanen nan shida ya dawo wuyansa. Da kowannensu jinga muka yi, kuɗin kashi uku: kafin alƙalami, kashi na biyu in aiki ya yi rabi, na ƙarshe in an duba an gamsu. Maigidana ya sa aka rubuta komai a littafi ɗaya, kowa ya sa hannu a gaban shaida, yana cewa ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Mun so zuwa Ƙofar Ruwa a Kano sayen tayil da kayan famfo, don an ce sun fi sauƙi. Amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama abin da sai an zauna an lissafa. Da muka haɗa na zuwa da dawowa da na dakon kaya, ga fargabar fashewar tayil a hanya, sai muka ga ribar ta tafi. A nan Katsina muka sayi komai. Magini ya ƙiyasta buhun siminti 22, muka fara ɗaukar 15 a ƙarshen Disamba, kowanne ƙasa da naira 6,000, muka jera su a zaure bisa katako don kada su taɓa ƙasa su daskare. Yashi kuma tifa ba ta shiga lungunmu, a bakin titi aka juye shi, yaran unguwa suka yi ta jigila da baro kwana biyu. Kuɗin jigilar nan babu shi a lissafina na farko, shi ya fara taɓa ɗan abin da na ware saboda ko-ta-kwana.

Kafin a ɗaye kwano ko ɗaya muka kafa rumfar zana a kusurwar tsakar gida, muka mai da murhu da kurfoti can. Aka kuma ja wata zanar tun daga bakin zaure har ƙofar kicin, ta yadda ma'aikata za su shiga su fita ba tare da sun ratsa ta cikin mata ba. Maigidana ya shiga wajen maƙwabcinmu na arewa, wanda muke haɗa bango da shi, ya sanar da shi za a yi ƙura da bugun guduma, ya kuma nemi izninsa a kan ƙananan kafofin iska da muke so a bari can sama kusa da rufi, inda ido ba zai kai gidansa ba. Babbar taga kudu muka ba ta, tana kallon tsakar gidanmu. Gabas ruwan damina yake bugowa, yamma kuma ranar la'asar ce mai gasa bango daidai lokacin da mace take gaban wuta.

A makon farko ba na magana da ma'aikata kai tsaye. Ƙanen maigidana ne ɗan aike, in faɗa masa ya kai, su faɗa masa ya kawo. Yaron kirki ne, amma bai taɓa tuƙa tuwo ba, saboda haka duk abin da magini ya ce masa "haka ake yi", sai ya dawo ya ce min, "Anti, wai haka ake yi." An ƙara wa bango bulo uku, an buɗe taga, an ɗora sabon kwano, duk lafiya lau. Ranar Litinin ta mako na biyu na dawo daga makaranta na tarar an zuba daɓen ƙasa gaba ɗaya, sumul, har an yayyafa masa ruwa. Gabana ya faɗi. Mai aikin famfo bai sa bututun fitar da ruwa ba. Ya tafi biki Funtuwa tun Juma'a, magini kuma yana da wani aikin da ke jiransa, ga leburori a tsaye ga siminti a zaure, sai ya ga babu dalilin zama.

Ranar Laraba mai famfo ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe haɓa. Babu wata dabara sai fasawa. Ina cikin rumfar zana ina yanka kuɓewa ina jin guduma tana cin daɓen da aka zuba da kuɗin adashina na wata goma, kowane bugu kamar a ƙirjina. Kwana huɗu suka tafi, siminti buhu biyu ya bi su. Kuma daidai lokacin kasuwa ta birkice. Dala ta haura naira 1,500, siminti ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti a watan Fabrairu aka ce a riƙa sayar da buhu tsakanin naira 7,000 da 8,000. Mu dai buhu tara da suka rage mana, bakwai na lissafi da biyu na ɓarna, sama da naira 9,000 muka sayi kowanne. Kuɗin kabad ɗin sama da na ci buri a kansa a nan ya narke.

A daren da aka fasa daɓen na ce wa maigidana, "Abban yara, ka yi min izni in riƙa magana da mutanen nan da kaina. Ni zan shekara ashirin a ɗakin nan in Allah ya ba da rai, saƙo kuma yana lalacewa a hanya." Ya yi shiru, sannan ya ce in Hajiya za ta zauna a wurin, ba shi da ta cewa. Hajiya ta ce ko ba a roƙe ta ba za ta zauna.

Ranar Asabar bayan La'asar muka tara su duka shida a lokaci ɗaya, abin da ya kamata mu yi tun ranar farko. Na sa hijabina, Hajiya ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofar kicin, maigidana yana tsaye. Na ɗauko allin makaranta na bi bango ina zanawa: nan famfo, nan soket, nan kanta za ta fara nan za ta ƙare, nan bututun gas zai ratso. Ina zanawa suna gyara min, suna kuma gyara wa juna. Mai wayarin ya ce soket ɗin da na sa ya yi kusa da wurin wanke-wanke, a matsar da shi. Mai tayil ya ce wa magini in bai ba daɓen gangara tun daga ƙasa ba, shi ba zai iya ƙirƙiro ta da tayil ba. Kafinta ya ce shi ba zai auna komai ba sai an gama tayil, don kaurin filasta da tayil yana cin inci guda ko fiye, ƙofar da aka yanka kafin nan ba za ta shiga ba. Cikin awa ɗaya suka jera wa kansu wanda zai riga wani: famfo da wayarin tukuna, sannan filasta da daɓe da kanta, sai walda, sai tayil, kafinta da fenti a ƙarshe. Ni kuma na kafa sharaɗi ɗaya, cewa ba wanda zai rufe wani abu da siminti sai na gani da idona, wanda zai biyo bayansa shi ma ya gani.

Maginin dattijo ne, da farko ya ɗan ɗaure fuska. Da muka zo kan tsayin kanta ya ce, "Hajiya, ƙafa uku ake yi, ko'ina haka ne." Na ce, "Baba, ƙafa ukun nan da wa aka auna ta? Ni ba doguwa ba ce." Na tsaya jikin bango na lanƙwasa hannu kamar ina yanka albasa, ɗana ya sa alli daidai gwiwar hannuna, muka sauko da kamar faɗin tafin hannu daga nan. Inci 33 ya bayar. Dattijon ya dubi alamar, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya sa mu dace. Ke za ki tsaya a wurin." Daga ranar ya riƙa kirana da kansa kafin ya ɗora wani abu.

Kantar ta kankare ce da rodi a ciki, ta bi bango ɗaya da rabi, a ƙarshenta wurin wanke-wanke ƙarƙashin taga. Ɗaya ɓangaren kuwa na tuwo ne. Aka yi ɗan dakali mai tsayin inci 4 kacal, don kada ruwan wankin ƙasa ya riƙa shiga ƙarƙashin wuta, aka ɗora babban murhun gas na ƙarfe mai kai ɗaya. Na ba mai walda babbar tukunyar ya tafi da ita shagonsa, ya ƙera zoben ƙarfe da gindinta yake zama a ciki daram, ta yadda in ana tuƙi ba sai an sa ƙafa ko tsumma an danne ta ba. Gefen dakalin an bar fili isasshe na kujera 'yar tsugunno da na juya muciya. Turmi kuma baranda muka fitar da shi kamar yadda Hajiya ta ce, aka zuba masa kankare mai kauri, murabba'i ɗaya ba tayil, don tayil ba ya jure daka.

Gas ne abin da na fi tsoro, saboda yara. Tukunyar gas ɗin mai kilo 12.5 a waje take, cikin kejin ƙarfe mai kwaɗo, a inuwa, tiyo ya ratso bango ta cikin bututu. Mai haɗa mana ya yi min bayanin da ban taɓa ji ba, cewa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, babbar taga a sama ba za ta fitar da shi ba. Shi ya sa aka bar wata kafa a gindin bango, aka rufe ta da raga saboda ɓera. Da ya gama haɗawa ya kaɗa ruwan omo ya shafa kumfar a kowace mahaɗa, muka durƙusa muna kallo. A ɗaya daga ciki kumfar ta fara kumbura tana ƙyal-ƙyal. Ya kashe, ya sake ɗaurewa, ya sake shafawa, ta kwanta shiru. Yanzu duk lokacin da aka sake cika tukunyar da kaina nake yin wannan gwajin.

Wayarin bai ɗauki lokaci ba. Soket huɗu bisa kanta, firij da layinsa daban, da fitila ɗaya mai aiki da sola saboda sahur. Kafin a yi filasta na bi kowane bango na ɗauki hotonsa da waya, bututan ruwa da na wuta suna bayyane. Hotunan nan sun yi min rana daga baya, ranar da kafinta ya ɗaga guduma zai buga ƙusa daidai inda waya ta bi.

Hunturu yana da daɗin aiki, ba ruwan sama ba zufa, amma maƙiyin sabon siminti ne. Iskar tana shanye ruwan filasta kafin ta kama, sai a wayi gari ta yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki da rani. Siminti da ruwa yake ƙarfi, yana son a yi ta ba shi aƙalla mako guda, kankare kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Ma'aikata ba za su zo don ban-ruwa kawai ba, wannan aikin mai gida ne. Kullum bayan sallar Asuba, cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ni da 'yar riƙona muke ɗaukar bokiti mu yayyafa wa bango da kanta, mu lulluɓe kantar da jiƙaƙƙun buhuna, da yamma mu sake. Kurar ɗan ga-ruwa guda muke ƙararwa a rana a kan wannan kaɗai. Hannuwana sun yi kaushi sun farfashe, amma har shekara ta zagayo babu tsaga ko ɗaya a bangon.

Abincin ma'aikata ban yi wasa da shi ba. Koko da ƙosai da safe, da rana dambu ko ɗanwake, duk daga rumfar zana. Wanda ya fita neman abinci da azahar ba lallai ya dawo kafin la'asar ba.

Tayil ɗin ƙasa mai kaushi na zaɓa, launin ƙasa-ƙasa. Mai sheƙin nan in ruwan kuɓewa ko mai ya zuba a kansa tarko ne, ga tsohuwa a gida, fari kuma ƙurar hunturu ba za ta bar shi ya yini da haskensa ba. Na bango fari ne, zuwa kafaɗa. Mai tayil ya ce in ƙara kwali ɗaya a kan kowane goma saboda yanka da fashewa, na ga kamar ɓarnar kuɗi ce na ƙi. Sai da ya rage saura kusurwa ɗaya tayil ya ƙare. Da aka koma shagon, samfurin ɗaya ne amma na wani zubin, launinsa ya ɗan fi duhu. A ƙarƙashin firij da cikin sito muka ɓoye su.

Ranar da ya gama shimfiɗa na ƙasa, tun simintin bai gama kamawa ba, na cika bokiti na tsaya daga ƙarshen ɗakin na sheƙa ruwan. Duk muka yi tsit muna bin sa da ido. Yawancinsa ya gangara ya nufi magudana, amma wani ya ware ya je ya kwanta a bakin ƙofar sito, inda buhunan hatsi za su zauna. Mai tayil ya ce, "Hajiya, ɗan wannan ai tsintsiya ɗaya ce." Na ce, "Malam, tsintsiya ɗaya kullum har shekara nawa? Ga gero da dawa a bayan ƙofar." Maigidana ya so a ba shi cikon kuɗinsa a ranar, yana tuna min hadisin da ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Na ce masa kuɗin suna nan a ƙulle cikin ambulan, ko minti ɗaya ba za su ƙara ba da zarar ruwa ya bi hanyarsa. Mutumin ya ɗaga tayil shida ya sake musu shimfiɗa. Washegari na sake sheƙa bokiti, ruwan ya tafi gaba ɗaya, aka miƙa masa ambulan ɗinsa tun hannunsa da danshi.

A ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa a kowane lokaci, ita take hana wari da kyankyaso dawowa ta ciki. A waje kuma mai famfo ya gina ɗan rami mai murfi da ke tare maiƙo da guntun tuwo kafin ruwan ya fita kwata. Duk Juma'a ake buɗe shi a kwashe. Ban san da wannan dabarar ba sai da ya kawo ta, kuma ita ta raba mu da toshewar makwarara da muka saba da ita.

Kafinta ya zo da samfurin katakon nan na gari da ake matsewa, mai santsi kamar na hotunan wayata. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah yaya yake yi da ruwa. Ya ce in ya sha ruwa kumbura yake yi, gidan cikin gari irin namu kuma ba a raba shi da gara. Sai muka sa ƙofofin alminiyam a ƙarƙashin kantar kankaren, shi kuma ya yi mana kantoci biyu a buɗe jikin bango na jera kwanuka da kuloli, da dandamalin katako a sito wanda ya ɗaga buhuna daga ƙasa ya kuma raba su da bango. Kabad ɗin sama yana nan a takarda, an bar masa wurinsa, sai wani adashin. Murhun itace ma ban rushe shi ba, na kai shi can ta bayan gidan ƙarƙashin 'yar rumfa, saboda ranar suna ko biki ko naman layya gas ba zai ɗauki wannan hidimar ba.

Ranar Juma'a 8 ga Maris mai fenti ya wanke burushinsa. Asabar muka yini muna jigilar tukwane daga rumfar zana, yara suna rige-rigen ɗauka. Daren Lahadi aka sanar da ganin wata, Litinin 11 ga Maris muka tashi da azumi. Sahur ɗin farko na kunna fitilar sola, na buɗe famfo a cikin ɗakin da nake girki, na tsaya ina kallon ruwan yana zuba cikin tukunya, ban taka tsakar gida cikin duhu ba.

Da la'asar na dama kunun tsamiya, ƙosai yana soyuwa bisa kanta, ruwan tuwo yana tafasa a kan dakali. Na yi talge na rufe. Ina juyowa sai ga Hajiya a bakin ƙofa, ta dafa bango ta cire takalmanta. Ta fi shekara biyar rabonta da shiga kicin saboda hayaƙi yana tayar mata da tari. Ta shigo a hankali tana taka tayil ɗin da tafin ƙafa kamar mai gwada shi, ta ɗaga kai ta dubi kafofin iska, ta zo ta zauna a kujera 'yar tsugunno. Ta buɗe tukunyar, tururi ya tashi ya bi ta taga. Ta ɗan girgiza ta da hannu, ta ji ba ta motsi.

Na ce, "Hajiya, ku bari in tuƙa, kuna azumi."

Ta naɗe hannun rigarta ta ce, "Ke ma azumin kike. Miƙo mani muciya, ki zubo garin sannu-sannu."